DARASI A KAN TSABTACE BANGON WAJE KAFIN A SHAFA MASA FENTI



Ya ku ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani aiki da kusan kowane magidanci yake yi, kwamitocin masallatai ma suna yin sa da kuɗin da jama'a suka tara, wato shafa wa bangon waje fenti ko farar ƙasa. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kansa shi ne yawan bangayen da ake gani a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai waɗanda aka shafa musu fenti kafin Salla, amma damina ɗaya tana wucewa sai a ga fentin ya kumbura, ya tsattsage, yana zubowa kamar ɓawon itace. Da yawa sukan ɗora laifin a kan mai kanti, su ce ya sayar musu da jabu. Wani lokaci haka ne, amma galibi matsalar tana tun kafin a buɗe gwangwanin: ba a tsabtace bangon ba, ba a bar shi ya bushe ba, ba a toshe inda ruwa yake shiga ba.

FASALI NA FARKO: DALILIN DA YA SA FENTI YAKE ƁAREWA

Ku sani, Allah Ya yi muku albarka, fenti ɓawo ne siriri wanda bai kai kaurin takarda ba, kuma yana manne wa abin da ya fara taɓawa ne. Idan ya taɓa siminti mai tsabta, sai ya kama siminti. Idan kuwa ƙura ce a kan simintin, to ƙurar ya kama, ranar da ƙurar ta saki bango kuwa tare za su faɗo. Saboda haka fenti mai tsada a kan bango mai dauɗa ba zai kai ƙarkon fenti matsakaici a kan bangon da aka gyara ba.

Abubuwan da suke shiga tsakanin fenti da bango a ƙasarmu guda biyar ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa daga hamada tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, tana da laushi kamar gari, tana shiga kowane ƙaramin rami na shafe. Na biyu tsohuwar farar ƙasa ko tsohon fentin da rana ta cinye har ya zama gari. Na uku farin gishirin da yake fitowa a gindin bango: danshi ne yake hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, ruwan ya bushe ya bar gishirin, shi kuma yana tura fenti daga ciki. Na huɗu gansakuka da fumfuna, waɗanda suke baƙanta wurin da ruwan indararo yake bi da wurin alwala. Na biyar maiƙo da hayaƙi da tofin goro da kashin tsuntsaye da ragowar takardun da aka liƙa.

A lura kuma da cewa bangayen gida huɗu ba wahala ɗaya suke sha ba. Hadarin damina a yankinmu daga gabas ya fi tasowa, iskarsa tana jifar bangon gabas da ruwa da yashi, ƙurar hunturu ma ta wannan ɓangaren take zuwa. Tun da yake alƙiblarmu tana gabas, mai karkata kaɗan zuwa arewa, bangon alƙibla na masallaci shi ne yake fara lalacewa, kuma shi ya kamata kwamiti ya fara dubawa.

FASALI NA BIYU: LOKACIN AIKI

Al'adarmu ita ce a gyara gida idan Salla ko biki ya matso. Niyyar tana da kyau, sai dai shekarar Hijira ta gaza shekarar Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Salla tana zagaya dukkan lokutan shekara a cikin kimanin shekara 33. Wata shekara ta faɗo a tsakiyar damina, wata a tsananin bazara. Bango kuwa yanayin gari yake bi, don haka da yanayin za a tsara aikin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke bango ya samu makonni ya bushe, kafin hazo ya yi ƙarfi. A cikin damina, daga Yuni zuwa Satumba, bango yana riƙe da ruwa a cikinsa ko da fuskarsa ta bushe. A bazara kuwa, musamman Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, fenti yana bushewa a bisa kafin ya kama bango. Wanda larura ta sa shi yin aiki a bazara, to ya riƙa bin inuwa: bangon yamma da safe, bangon gabas bayan la'asar. Ranar da hazo ya sauko ko iska take kaɗawa, a dakata.

Idan bangon sabo ne, an gama masa shafen siminti, to a ba shi aƙalla kwana 28. Sabon siminti yana da ruwa da kaifi a cikinsa waɗanda suke cin fenti, suna canja masa launi.

FASALI NA UKU: SANIN IRIN BANGON

Kafin a ɗauki tsintsiya, a tsaya a san da me aka gina bangon, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Bangon bulo mai shafen siminti yana jure wanki da ruwa da gurza da buroshi mai ƙarfi, yana karɓar fentin ruwa ko farar ƙasa.

Bangon ƙasa kuwa ba a wanke shi da ruwa mai yawa, domin ruwa narkar da shi yake yi. Sharewa ake yi a bushe, a kankare abin da ya saki, a sake yaɓe. Irin wannan bango yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Idan aka rufe shi da fentin mai, danshin ba ya samun mafita, sai ƙasar ta ruɓe a bayan fentin alhali fuskar tana ƙyalli. Magina na dā sun san haka, shi ya sa suke shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, sannan su bi da farar ƙasa. Da irin wannan kulawa ta sabunta yaɓe ne gine-ginen ƙasa suke daɗewa, kamar hasumiyar masallacin Agadas, da masallacin garin Yama na jihar Tawa wanda ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Kuma ba mu manta ba cewa a watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Idan ruwa ya iya kayar da ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, to bangon gidajenmu ya fi buƙatar a kare shi daga ruwa kafin a yi maganar ado.

Akwai kuma nau'i na uku, wato bangon ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Shi wannan a bi shi da ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Duk inda ya yi ƙara kamar ganga, simintin ya rabu da ƙasa, akwai rami a baya. A fasa wurin a sake shi, domin fenti ba zai riƙe shafen da yake shirin faɗowa ba.

FASALI NA HUƊU: TSARIN AIKIN

Mataki na 1: A fara daga sama. A hau a duba rawanin soro da indararo. Indararon da ya toshe da ganye da leda, ko ya karye, ko ya yi gajere har ruwansa yana bin jikin bango, shi ne asalin baƙin layin da ake gani. Idan ba a gyara shi ba, layin zai dawo a daminar farko.

Mataki na 2: A kawar da abin da ya jingina da bango: tulin yashi, itacen girki, turken dabbobi, shara. Waɗannan su ne suke riƙe danshi a gindin gini, suna kiran gara. A gyara ƙasar wurin ta gangara waje, kada ruwa ya kwanta a jikin bango.

Mataki na 3: A share bango a bushe, daga sama zuwa ƙasa, da tsintsiya mai tauri ko buroshi. A cire saƙar gizo da gidan zanzaro da hanyar gara. Wannan shara ta bushe ita take gabatar wanki, domin ƙura idan ta haɗu da ruwa taɓo take zama, ta cika ramukan shafe.

Mataki na 4: A kankare duk abin da ya saki da cokalin magina ko wani ƙarfe mai faɗi. Ba dole ba ne a cire tsohon fentin da ya kama da kyau, amma a gurje bakinsa ya yi daidai da bango. Idan farar ƙasa ce a bangon kuma ana son komawa fentin ruwa, to sai an kankare ta sosai, domin fentin ruwa ba ya zama a kanta. Idan farar ƙasa za a maimaita, cire wadda ta saki ya wadatar.

Mataki na 5: Farin gishirin gindin bango a goge shi a bushe da buroshi, a kwashe garin a zubar nesa. Wanke shi da ruwa mai yawa yana narkar da shi ne ya koma cikin bango, bayan kwanaki ya sake fitowa. Idan an goge ya dawo, to akwai ruwan da yake ciyar da shi: famfo mai yoyo, kwatar da ta toshe, makewayi ko wurin alwala a bayan bangon. A nemo shi a gyara.

Mataki na 6: Wurin da gansakuka ko fumfuna ta kama, a haɗa ruwan jabel kashi 1 da ruwa kashi 3, a shafa, a bar shi kamar minti 15, a gurza, a ɗauraye. Wankewa da ruwa kawai ba ta kashe ta, za ta ci gaba da girma a ƙarƙashin sabon fenti. Wurin maiƙo da hayaƙi, kamar bayan madafa ko inda ake ajiye babur, a wanke da omo da ruwan ɗumi, a ɗauraye har santsin sabulu ya fita.

Mataki na 7: A wanke sauran bangon siminti da bokiti da buroshi, yanki-yanki, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Masu injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin na masu wankin mota, su yi hattara: yana iya ɓare shafe mai rauni, yana cusa ruwa cikin tsaga. Kada a kusantar da shi ga bangon ƙasa ko kaɗan.

Mataki na 8: A toshe tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ruwan sama ma ta nan yake shiga. Ƙaramar tsaga a ɗan buɗa bakinta, a share, a jiƙa, a cika da siminti da yashi mai laushi. A bangon ƙasa a cika da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin tasa. Amma tsagar da ta ratsa bango daga wannan gefe zuwa wancan, ko wadda take ƙara faɗi, ko ta taso daga tushe, wannan sai an kira magini ya duba, kada a rufe ta da fenti a kwanta a ƙarƙashinta.

Mataki na 9: Ƙofofi da tagogin ƙarfe a gurje tsatsarsu da buroshin ƙarfe, a goge, a shafa musu fenti mai hana tsatsa kafin na ado. In ba haka ba, jan ruwan tsatsa zai riƙa gangarowa a kan sabon bango.

Mataki na 10: A bar bango ya bushe. A lokacin rani kwana 2 sukan isa bayan wanki, amma wuraren da aka yi sabon cikon siminti suna buƙatar fiye da haka.

FASALI NA BIYAR: GWAJI UKU KAFIN A BUƊE GWANGWANI

Gwaji na farko na tafin hannu ne. A shafa hannu a bango. Idan ya fito da farin gari ko ƙura, bangon bai shirya ba. Idan an sake gogewa garin bai daina ba, to sai an fara da shafin farko mai ɗaure gari, wanda masu kantin fenti suka sani, kafin fentin ado.

Na biyu na salatif ne. A liƙa shi a kan tsohon fenti, a danna, a fizge. Idan ya taho da ɓawon fenti, akwai sauran kankara.

Na uku na leda ne. A yanki leda mai faɗin kamu biyu, a liƙa ta a gindin bango, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, to akwai ruwa a cikin bangon, a ƙara jira.

A nan akwai bambanci guda da ya kamata a kiyaye. Fentin ruwa da fentin mai busasshen bango suke so. Farar ƙasar buhu kuwa, wadda ake samu daga ƙona farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, ta fi kamawa idan aka ɗan yayyafa wa bango ruwa kafin a shafa ta, domin a hankali take taurara ta hanyar haɗuwa da iska. A dama ta da ruwa-ruwa kamar madara, a yi shafi siriri sau 3, ana barin kowanne ya sha iska. Shafi ɗaya mai kauri tsattsagewa yake yi.

FASALI NA SHIDA: KARE LAFIYA

Wannan fasali muna roƙon a karanta wa matasan da suke aikin gayya a masallatai.

Kada a taɓa haɗa ruwan jabel da wani maganin wanki, musamman mai tsami irin na wanke makewayi, domin haɗin yana fitar da iska mai guba wadda take ƙona huhu. Farar ƙasar buhu tana cin fata, idan ta shiga ido tana iya makantarwa. A sa tabarau da safar hannu. Idan ta faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta ba tsayawa na aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti.

Tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, da jan fentin hana tsatsa na dā, suna iya ƙunsar dalma. An hana sa dalma a fentin gidaje a Amurka tun 1978, amma har yanzu akwai ƙasashen da ba su da irin wannan doka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu da fahimtarsu. Mun ji abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Can daga dutse ta fito, nan daga fenti, amma gubar ɗaya ce. Don haka kada a gurje tsohon fentin mai a bushe, kada a ƙona shi da wuta. A jiƙa shi kafin kankara, a shimfiɗa buhu a ƙasa ya tari ɓawon, a ƙulle a kai inda yara da awaki da kaji ba za su kai gare shi ba. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin, mai aiki ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Game da tsani, a kafa shi a ƙasa mai tauri, idan tsawon da ya hau mita 4 ne gindinsa ya nisanci bango da mita 1, wani ya riƙe. A kashe wuta daga mita kafin a kai ruwa kusa da waya ko fitilar waje.

FASALI NA BAKWAI: HAƘƘOƘIN DA SUKE CIKIN AIKIN

Bangon waje fuskarsa tana kallon hanya, hanya kuwa ta jama'a ce. Ruwan wanki mai jabel da sabulu bai kamata ya kwarara ƙofar maƙwabci ko ya kwanta inda mutane suke bi zuwa salla ba. A haƙa ɗan rami ya tare shi. A sanar da maƙwabci ranar da za a yi kankara don ya rufe randarsa da abincinsa. Idan katangar ta haɗin gwiwa ce, a nemi izininsa. Kuma a yi tattalin ruwa, musamman a garuruwa irin Damagaram inda aka san wahalarsa: sharar bushe mai kyau tana rage yawan ruwan da wanki zai ci.

Wanda ya ɗauki mai fenti aiki, su yi magana a fili tun farko cewa shara da kankara da toshe tsaga suna cikin jinga, a ƙayyade kwanakinsu da ladansu. Mai gida da ya matsa a gama cikin yini ɗaya shi ya sayi ɓarewar fentinsa. Mai fentin da ya karɓi kuɗin gyara kuma ya rufe dauɗa da launi, ya ci amanar da aka ba shi. Haka nan mai shirin sayar da gida ko ba da haya: malamai sun yi bayani cewa ɓoye aibin haja ga mai saye ba ya halatta, kuma rufe tsaga mai haɗari ko danshi da sabon fenti don kada a gani yana cikin wannan babi.

Ga kwamitocin masallatai, shawararmu ita ce idan kuɗin da aka tara ba su isa a yi gyara da fenti gaba ɗaya ba, a gabatar da indararo da tsaga da magudanar wurin alwala, a share bango a bar shi haka, fenti ya jira wata shekara. Kuɗin nan akwai na gwauruwa da na ɗan dako a ciki, kuma za a tambayi waɗanda aka damƙa wa a kan yadda suka kashe su.

Muna fatan wanda ya karanta zai isar wa wanda bai karanta ba. Allah Ya sa albarka a gidajenmu da masallatanmu, Ya kare ma'aikatanmu daga haɗari, Ya ba mu damina mai albarka. Allah ne Mafi sani.